Ku Tambaya, Mu Amsa: Maƙwabcina ya danne kwata da gini

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 11 ina zaune a wani layi da ke Ɗorayi, a ƙaramar hukumar Gwale cikin Kano. Bara da rani maƙwabcina ya fitar da shago a ƙofar gidansa, ya ɗora dakalin shagon a kan kwatar da ke kwashe ruwan layinmu, bai bar wa ruwa hanya ba sai wata 'yar kafa wadda leda biyu ke iya toshewa. Da damina ta kankama a watan Agusta, ruwa ya shiga sorona har idon sawu, bangon ɗakin yara kuma ya fara tsagewa. Na yi masa magana sau biyu, ya ce ai ƙofar gidansa ce. Sahu ɗaya muke a masallaci, ba na son mu kai ga 'yan sanda. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin batun kwata, ka kwashe yara daga ɗakin nan, ka kira magini ya duba bangon, domin bangon da gindinsa ya sha ruwa yana iya zubewa a kowane lokaci, har da cikin dare lokacin da kowa ke barci.

Maganar maƙwabcinka kuwa ba ta da madafa. Hakkin mai gida yana tsayawa ne inda iyakar filinsa ta tsaya, abin da ke gaba da wannan, hanya ce ko magudanar ruwa, na jama'a ne. A shari'a ma malamai suna hukunta irin wannan rigima da ƙa'idar nan ta "ba cuta, ba cutarwa". Abin ya fi muni a Kano ta yanzu, domin kududdufan da aka haƙa tun da daɗewa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda su ne ke shanye ruwan sama, an cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gine-gine a kai, sai nauyin duk ya koma kan 'yan kwatocin layi.

Kada ka ɗauki guduma ka fasa dakalin da kanka, don nan take za ka koma wanda ake ƙara. Ka ɗauki hoton wurin da wayarka lokacin da ruwa ke kwance, ka nemi maƙwabta biyu ko uku da abin ya shafa, ku sami limamin masallacinku, sannan ku je wurin mai unguwa tare. Zuwa a ƙungiyance shi ke mayar da maganar ta zama ta layi, ba gaba tsakanin mutum biyu ba. Ku kuma je da gyara a hannu: a fasa dakalin, a mayar wa kwatar faɗinta da zurfinta na da, a rufe ta da silab mai ɗagawa yadda za a iya yashe ta. Ta haka shagonsa yana nan, ruwa kuma ya wuce. A ganina, in kana da hali, ka yi alkawarin buhun siminti ɗaya a gaban dattawa. Ya fi kuɗin sake bango araha, kuma yana ba mutum damar sauka daga matsayinsa ba tare da jin kunya ba. Duk abin da aka amince, a rubuta shi da ranar gamawa, mai unguwa ya sa hannu.

In ya ƙi, mai unguwa zai miƙa maganar ga dagaci, ku kuma ku rubuta koke ga jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma, da kuma KNUPDA, hukumar da ke ba da izinin gini a birnin, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kotu ita ce matakin ƙarshe. Duk wannan a fara shi tun da rani, kada a jira hadarin watan Yuni. Ranar da za ku yashe kwatar kuma, ku daidaita da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, ku nemi hukumar kwashe shara ta REMASAB ko masu baro su ɗauke taɓon, domin wanda aka jibge a bakin kwata ruwan farko ke mayar da shi ciki.

TAMBAYA: Muna da bikin 'yata, gidanmu kuma ba shi da tsakar gida mai faɗi. Laifi ne mu kafa rumfa a layi?

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ku sanar da mai unguwa da maƙwabta kwana biyu ko uku kafin ranar, ku bar gefen da Adaidaita Sahu za ta iya wucewa ko da mara lafiya ko mai naƙuda, a kashe lasifika lokacin salla da bayan isha'i, washegari kuma a share layin a kwashe robobi da ledoji.