Mai dogayen ƙahonin nan ba na amya ba ne

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce a wani lambu a kudancin Ingila ka ɗauki hoton ƙwaron nan mai dogayen ƙahoni, kana tambaya ko ƙudan zuma ne, ko kuma zai zauna a amya. Ƙudan zuma ne, amma zancen amya ka ajiye shi, ko cokali ɗaya na zuma ba za ka lasa ba.

A gidan masu ɗaura amya na tashi, shi ya sa ranar da na fara ganinsa a yankin Kent na kudancin Ingila ina ɗalibi, irin tunaninka ne ya zo mini. Sai da na tsuguna a gefen wani tudu cikin watan Yuni, na ga wata ta dawo ƙafafunta cike da garin fure ta shige rami, sannan na gane. Zamansu irin na zanzaro ne. Babu sarauniya, babu saƙa. Kowace mace ta haƙa raminta a ƙasa, ta tara wa ɗanta guzuri, ta saka ƙwai, ta toshe. Ramukan kan yi kusa da juna, amma kowa gidanta daban.

Na hotonka namiji ne. Shi ke da ƙahonin da suka kusa kai tsawon jikinsa, ga rawaya a fuska, kuma ba ya harbi. Na mace gajeru ne, har ka rantse ba jinsi ɗaya ba ne.

Masana suna kiransa Eucera longicornis. Dangi ɗaya suke da ƙudan zumanmu, wato Apidae, amma reshensa Eucerini. Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, da ya raɗa masa suna a 1758 cikin Apis, wato rukunin ƙudan zuman amya, ya jefa shi, daga baya aka raba musu gida. Ana samunsa daga Turai har cikin Asiya. A Birtaniya kuwa sai kudancin Ingila da Wales, nan ma ya ragu ƙwarai, don furen dangin wake ya fi so, filayen da ke da su kuma noma ya cinye. Daga Mayu zuwa Yuli yake fitowa, ka ga ka yi sa'a ke nan.

Muna da danginsa a gida, Afirka ta Yamma. Binciken da aka yi a gonakin auduga na Burkina Faso ya nuna wani mai suna Tetralonia fraterna yana cikin masu ɗaukar wa auduga garin fure.

In ka ga ramukan a lambun, kada ka kai fartanya wurin. 'Ya'yan suna ƙasa har baɗi.