Zaɓen Obama: me ya tsinana wa matasan baƙaƙen fata?

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa zaɓen Barack Obama ya ba matasan baƙaƙen fata na Amurka ƙwarin gwiwa. Ni dai ban gane ba. Mutum ɗaya ya hau mulki, ya yi shekara takwas ya sauka, talakansu na nan da talaucinsa. Ina ribar?

Amsa: Malam, sai ka fara duba inda aka taso. A watan Maris na 1965, 'yan sanda suka far wa masu tattaki da kulake a kan gadar Selma, jihar Alabama, laifinsu kawai neman wa baƙaƙen fata 'yancin jefa ƙuri'a. John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, wanda aka fasa wa kai a ranar, da ransa, yana ɗan majalisa, ya halarci rantsar da Obama ranar 20 ga Janairun 2009. Shekara 44 ke nan tsakani. Kakar da aka kora daga layin rajistar zaɓe ita ce ta zauna da jikanta suna kallon bikin a talabijin.

Akwai wani hoto da aka ɗauka a 2009. Yaro ɗan shekara biyar ya shiga ofishin shugaban ƙasa da iyayensa, ya tambaya ko gashin Obama irin nasa ne. Shugaban ya sunkuyar da kai ya ce ya taɓa ya ji, yaron ya miƙa hannu ya shafa. Shekara da shekaru hoton na rataye a fadar White House. Ka ga yaro ba ya ɗaukar "kai ma za ka iya" da baki. Gani ya kori ji. Abin har ya bayyana a akwatin zaɓe: a 2012, bisa alƙaluman hukumar ƙidayar Amurka, kason baƙaƙen fata da suka fita zaɓe ya zarce na fararen fata, karo na farko.

Amma batun aljihu, gaskiyarka. Rikicin bashin gidaje na 2008 ya fi yi wa iyalan baƙaƙen fata ɓarna, kuma tazarar dukiya ba ta rufe ba. A 2012 aka harbe Trayvon Martin, matashi baƙar fata ɗan shekara 17, a Florida. A 2013 kotu ta sallami wanda ya harbe shi, kuma a shekarar Kotun Ƙoli ta karya wani ginshiƙi na dokar 'yancin zaɓe ta 1965. Daga sallamar nan ne fafutukar Black Lives Matter, ta kare rayukan baƙaƙen fata, ta samo asali, Obama na kan kujera.

Wasu na ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa fatan ya tashi a banza. Ni ban yarda ba. Wanda ya yanke ƙauna ba ya fita zanga-zanga. Matasan da suka cika tituna su ne waɗanda suka ga nasu a fadar shugaban ƙasa, suka daina karɓar "a yi haƙuri" daga bakin kowa, har da shi Obaman.