Amsar Malama kan wasiƙar shaidar ɗalibin da aka taɓa dakatarwa

An rubuta muryar da Malama ta turo guruf saboda waɗanda muryar ta ƙi buɗuwa a wayoyinsu.

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Malam, na saurari tambayarka. Ka ce ɗalibinka na SS3 yana neman jami'a a Amurka, ya roƙe ka wasiƙar shaida, kuma an taɓa dakatar da shi sati biyu a SS1 saboda faɗa a ɗakin kwana, kana waswasin ko ka ambata ko ka bari. To ni dai a nawa ganin, kada ka ambata, sai in shi yaron ne ya ce ka sa.

Ka ga shi Common App ɗin nan da yaranmu ke cikewa, wato fom ɗin intanet guda ɗaya da ake neman jami'o'in Amurka da yawa da shi, a da yana tambaya ƙarara ko an taɓa hukunta ɗalibi a makaranta, kora ko dakatarwa, tun daga aji tara nasu, wato JSS3 ɗinmu. A kakar 2021 suka cire tambayar, daga fom ɗin ɗalibi har rahoton da makaranta ke aikawa. Sun duba alƙalumansu ne suka ga baƙaƙen fata suna amsa "eh" fiye da ninki biyu na farare, kuma da yawa in sun zo nan sai su watsar da fom ɗin gaba ɗaya. To tunda masu fom ɗin sun daina tambaya, kai da kake koyar da shi kimiyya me zai kai ka tono?

Amma fa a tsaya. Kowace jami'a tana da nata tambayoyin a ciki, kuma wasu har gobe suna tambayar wannan. Inda aka tambaya, dole yaro ya faɗi gaskiya da kansa, kuma abin da ya faɗa ya zo daidai da na firinsifal ko malamin ba da shawara. Mutanen nan suna janye gurbi bayan sun bayar. A 2017 jami'ar Harvard ta janye na aƙalla yara goma kan ƙazaman saƙonnin da suka riƙa tura wa juna a wani guruf na sirri da suka buɗe a Facebook, balle a ce ƙarya suka kama.

Saboda haka gobe ka kira shi ofis, ka rufe ƙofa, ku buɗe jerin jami'o'insa ɗaya bayan ɗaya. Yawanci yaro yana sa hannu cewa ya yafe haƙƙin ganin wasiƙarka, wato ba zai taɓa sanin me ka rubuta ba, shi ya sa bai dace ka yi masa a bayan ido ba. In ya ce ai zai faɗa, kuma yana so ka mara masa baya, to a nan wasiƙarka za ta yi masa rana. Layi biyu uku sun isa. Kada ka kawo labarin wa ya mari wa. Ka faɗi abin da ka gani da idonka bayan ya dawo, misali in ka san shi aka ɗora wa kula da 'yan JSS1 a ɗakin kwanan da ya yi faɗan, ko shi ke tsayawa wanke kwalaben ɗakin gwaji bayan an tashi. Irin testimoniyal ɗinmu da ake buga wa kowa "yaro mai ladabi", ba ta gaya musu komai.

Inda nake tsaurarawa shi ne satar amsa. Fom ɗin malami yana da gidaje da ake tikin, akwai na riƙon gaskiya, akwai na yadda yaro ke tashi bayan ya yi tuntuɓe. In a ajinka ka kama shi da takarda a safa, kuma zuciyarka ba ta kwanta cewa ya daina ba, kada ka tika masa gidan ƙoli. Gara ka ce masa, ɗana, nemi wani malamin. Amma ka faɗa masa da wuri, don zagayen farko na neman gurbi yawanci 1 ga Nuwamba ake rufe shi, sauran kuma farkon Janairu.

Shi wannan naka faɗa ne na yarinta. Ku zauna gobe, in wata jami'ar ta tambaya ka turo mana yadda ta tsara tambayar mu duba tare. Sai da safe.