Amsa ga 'yar'uwar da uban ɗanta ya ce zai ƙwace yaro

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce babu aure tsakaninki da uban yaron, yaron yana wata takwas, kuɗin ci da magani sai ranar da ya ga dama yake turowa, kuma ya ce muddin kika kai shi kotu to zai karɓe ɗansa. Ni ba lauya ba ce, amma wannan hanya da ƙafata na taka ta. 'Yata yanzu shekararta 9.

Abin da ban gane ba sai da na sha wuya shi ne, alƙali ba ya ɗora wa namiji ciyarwa sai an tabbatar a rubuce cewa shi ne uban. Ko da kamanninsu kamar an tsaga kara, ko da danginsa sun zo sun ga jariri, duk wannan bai kai takarda ba. Matar aure ba ta cika shiga wannan rigimar ba, don a yawancin ƙasashe doka tana ɗaukar miji a matsayin uba. Mu kuwa hanya biyu ce: ko ya amsa da bakinsa ya sa hannu, ko kotu ta sa a yi gwajin DNA. Ki ɗauko takardar haihuwar yaron yau ki duba, akwai sunansa? Ni haushi ya sa na bar gurbin babu komai, na kuma zauna shekara biyu ina jiran alkawarin baki.

Gwajin ba abin tsoro ba ne, auduga ake gogawa a cikin kumatu, ko jini ba a ɗiba. Idan shi ne uban, sakamakon yakan wuce kashi 99 cikin 100. Sai dai kada ki ɓata kuɗinki a wanda ake saya a yi a gida. Kotu tana son wanda aka yi a gaban ma'aikaci, aka duba katin shaidar kowa.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ba ki faɗi inda kike ba. A Ingila, tun 1 ga Disamba 2003, uban da aka yi rajistar haihuwa da sunansa yana samun ikon iyaye ko da babu aure. A Amurka akwai takardar amincewa da iyayen biyu ke sa wa hannu, ana kuma ba da kwana 60 ga wanda zai janye. A inda kotu ke bin fiƙihun Musulunci kuwa, mafi yawan malamai suna jingina ɗan da aka haifa ba aure ga uwarsa, wanda hakan yana canza maganar ciyarwa da gado gaba ɗaya. Don haka ki fara sanin wace kotu ce za ta saurare ki.

Maganar ƙwace yaro ita ta hana ni barci wata da watanni, ashe rabinta kurari ne. Riƙon yaro daban, ciyarwa daban. Ba a bai wa mutum ɗa don ya fi kuɗi. Abin da alƙali ke dubawa shi ne maslahar yaron: wa ke rainonsa tun haihuwa, wa ke kai shi asibiti, ina ya saba kwana. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma a kan wannan ta ginu, ta kuma ce raino nauyi ne a kan iyaye biyu. Cire jariri mai shan nono daga hannun uwar da ba ta cutar da shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma zan gaya miki abin da ba a gaya mini ba. Takardar da za ta ɗora masa ciyarwa ita ce kuma za ta buɗe masa ƙofar ganin ɗansa. Ni lokacin da uban 'yata ya yi wata uku bai turo komai ba, sai na hana shi ganinta. Ranar zama alƙali ni ya fara yi wa faɗa. Ya ce bashi a kotu ake bin sa, ba a jikin yarinya ba. Na ji zafi a lokacin, amma gaskiya ya faɗa.

Daga yau ki nemi littafi ki riƙa rubuta duk abin da ya turo da ranar da ya turo. Ki ajiye rasit na magani da na asibiti. Saƙonninsa na waya kada ki goge ko ɗaya, musamman inda ya kira yaron "ɗana" da inda ya yi barazanar. Ki daina karɓar kuɗi hannu da hannu, ya riƙa turowa ta banki. Sannan ki nemi ofishin da ke ba da taimakon lauya kyauta kafin ki gaya masa shirinki. Idan ya taɓa dukanki ko kina tsoron zai gudu da yaron, wannan shi ne abin da za ki fara faɗa wa lauyan tun kafin maganar kuɗi.