Ga ƙanwata mai ciwon ƙugu da ke sauka har ƙafa

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce ƙugunki ya riƙe tun bayan babbar salla, ciwon yana bi ta ɗuwawu ya sauka bayan ƙafar hagu, diclofenac ya daina yi miki aiki, kina tambaya ko basir ne ko sanyi. Wallahi da na karanta sai da idona ya ciko, don irin wannan ciwon ne ya kwantar da ni.

Ni ma basir kowa ya ce min. Waakye, wato shinkafa da wake, nake sayarwa a unguwar Aboabo ta Kumasi, kun dai san aikin, sauke tukunya da asuba, sunkuyo har azahar. Ranar da abin ya kayar da ni, tukunya na sunkuya zan ɗauka, na ji kamar an soka min ƙarfe mai zafi daga ƙugu har dunduniya. Da rarrafe na shiga ɗaki. 'Yata ce ke riƙe ni a banɗaki, yarinyar da ko aure ban yi mata ba, ina kuka tana kuka.

A wannan hali aka kawo min wani mai tausa, wai gado ya yi. Mutumin nan ya sa na kwanta rub da ciki ya taka bayana da dunduniyarsa, ina ihu yana cewa ciwon ne ke fita. Ya karɓi kuɗin cinikina ya bar min kwalbar jiƙo. Fuskata ta kumbura, cikina ya riƙa zafi, ƙafar da ke ciwo kawai ta koma ba na jin yatsunta. Da muka kira shi sai ya ce ai jifa aka yi min, in ƙaro kuɗi, daga nan ya daina ɗaukar waya. Har yau yana yawo cikin Zango yana taka bayan matan mutane. Na bar shi da Allah. Don girman Allah kar ki bari kowa ya hau bayanki.

A asibiti likita kwantar da ni ya yi rigingine ya ɗaga ƙafata a miƙe, ciwon ya harba nan take. Ya ce ƙasusuwa 5 ne a ƙasan gadon baya, tsakaninsu akwai faifai mai laushi, in ya turo waje sai ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Basir a dubura yake, ba ruwansa da wannan. Ɗana ya karanta min cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta da ta jawo shi. Amma naki da ya sauka ƙafa, a duba shi.

Diclofenac ɗin nan ki daina sha a kan cikin yunwa, yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda in aka daɗe ana sha. Tramadol kuwa ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa in ba likita ya rubuta ba. Kun ga yadda ya mayar da samarinmu a unguwar Asawase, yara masu ƙarfi suna gyangyaɗi a tsaye, iyaye mata ne ke shan baƙin cikin.

Kuma kar ki yini a kwance. Kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu ƙara sandarar da bayan take yi. Ni masu gashin ƙashi ne suka tayar da ni, da motsa jiki da tafiya kaɗan-kaɗan, ga tawul da ruwan ɗumi da dare, ina kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Salla a zaune na yi ta, addini ya ba da dama. Yanzu tebur na sa aka ɗaga min, tukunya kuma mu biyu muke saukewa, ina lanƙwasa gwiwa. Yawanci cikin mako 6 ake samun sauƙi, nawa ya ɗan wuce haka.

Abin da likitan ya ja min kunne a kai: in fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce miki, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinki ya mutu ba kya ji, ko ƙafar ta fara ja, ko a tsakar dare ne ki wuce asibitin Komfo Anokye, kar ki jira gari ya waye. Zazzaɓi da rama ma a faɗa wa likita, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. In kina da sikila ki faɗa tun a ƙofa. Katin inshorar lafiyarki na NHIS in ya mutu ki sabunta ta *929# tun yau.

Ba ki faɗa mana ba, yatsun ƙafar suna ji kuwa? Kuma wa ke ɗebo miki ruwa a gida yanzu?