Amsa ga Yaya kan aikin zuciyar 'yarmu: bawul na ƙarfe ko na nama?

Salamu alaikum. Yaya ina wuni, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na saurari muryarki, na kuma ga hoton takardar eko, wato hoton zuciya na na'ura, da kika turo. Na ce bari in amsa a nan guruf tunda su Kawu da shi mijin nata duk suna ciki, kowa ya ji da kunnensa. Ku yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

To, abu biyu kika tambaya. Likita ya ce bawul ɗinta, wato ƙyauren da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, na ɓangaren hagu, wanda ake cewa mitral, ya lalace sai an canja, wai ku zaɓa ko na ƙarfe ko na nama. Sannan kika ce, Allah ya sa dai ana tashi daga irin wannan aiki.

Ana tashi, Yaya. Aikin nan ba sabo ba ne. Tun 1960 aka fara sa wa mutane bawul na roba da ƙarfe a Amurka suka rayu da shi, a nan Najeriya ma an buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu tun 1974. A cibiyar da ta saba, waɗanda ake rasawa a aikin bawul guda ɗaya 'yan kaɗan ne cikin ɗari, kuma yawanci waɗanda aka kai a makare ne, zuciyar ta riga ta buɗe ta saki, hanta da ƙoda sun taɓu. Ita kam yarinya ce, takardar kuma ta nuna har yanzu zuciyar na matsawa da ƙarfinta. Ni ranar tiyata ba ta fi damuna ba. Abin da ke hana ni barci shekarun da za su biyo baya ne, don nan ne muke asarar mutanenmu. A yi aiki a Indiya ko Masar ko Sudan, ya yi kyau sumul, a dawo gida a yi walima, bayan shekara biyu ka ji wai ta faɗi ɓarin jiki ya shanye. Ba aikin ba ne ya ɓaci, bibiya ce babu.

Af, kafin in manta. Wanda ya ce jifa ne, don Allah a bar maganar nan. Asalin ciwon daga maƙogwaro yake, irin ciwon wuyan nan na yara da zazzaɓi, da ake ba su ruwan ɗumi da gishiri ko a kira wanzami. Ƙwayar cutar ce ke sa garkuwar jiki ta juya ta ci bawul ɗin zuciya a hankali, sai bayan shekaru ya bayyana. Shi ya sa ake mata allurar fenisilin duk wata. Kada a daina, ko bayan aikin, sai likitanta ya ce.

Abu na farko da za ku tambayi likitan fiɗa: za a iya gyara nata ba sai an cire ba? Idan ya gyaru ya fi komai. Wani lokaci wannan ciwon yana ƙanƙance bawul ɗin ya taurare har gyara ya gagara, amma a tambaya a ji dalili.

In kuwa sai an canja, ga yadda abin yake. Na ƙarfe yana daɗewa, yawanci ba ya lalacewa har ƙarshen rayuwa. Amma jini na son daskarewa a kansa, don haka dole ta sha maganin tsinka jini, wafarin, kullum, ba hutu, ba sallah ba azumi. Kuma ba sha kawai ba, sai ana gwajin jini da ake cewa INR ana daidaita ƙwayar. Ga mai mitral na ƙarfe, galibi ana son lambar ta tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Ta yi ƙasa, jini ya daskare ya toshe bawul ko gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Ta yi sama, zubar jini, haɓo, dasashi, al'ada ba ta tsayawa. Na nama kuma, ana yin sa da naman alade ko da fatar da ke lulluɓe da zuciyar saniya. Na san abin da Kawu zai ce, to akwai na saniyar, ku nemi shi da baki. Shi ba ya buƙatar shan wafarin tsawon rayuwa, sai in tana da rikicewar bugun zuciya. Illarsa yana tsufa. A jikin dattijo yakan kai shekara 10 zuwa 15, amma a jikin matashiya yana saurin lalacewa, wato ku sa a ranku za a sake buɗe ƙirjin nan. Aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya, ga kuɗi.

Nan ne maganar haihuwa ta shigo, kuma malam ango ka buɗe kunne. Wafarin yana ratsa mahaifa. Tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki yana iya taɓa halittar jariri, ƙashin hanci da gaɓoɓi, yana kuma jawo ɓari. Haɗarin ya fi sauƙi idan abin da take sha bai wuce miligiram 5 a rana ba. Akan mayar da mace kan allurar tsinka jini ta hefarin a wannan lokaci, amma ita ma in ba a auna ta da kyau bawul ɗin na iya toshewa, kuma gwajin nata ba kowane asibiti ke da shi ba. Mata na haihuwa da bawul na ƙarfe, amma ciki ne da ake shirya shi da likita tun kafin a ɗauka, ba wanda za a wayi gari a ce ai ta yi ɓatan wata ba. Ra'ayina, in dai tana son haihuwa nan kusa kuma gari ba wurin gwajin INR mai inganci, na nama abin dubawa ne sosai. In kuma kun san aiki na biyu ba zai samu ba, to na ƙarfe, amma da sharaɗin riƙe magani. Ita za a tambaya, Yaya. Ƙirjinta ne. A bar ta ta yi magana da likitan ita da mijinta.

Kuma kada wani mai kemis ya ce muku ai an yi sababbin magungunan tsinka jini da ba sai an yi gwaji ba. An gwada ɗaya daga cikinsu, dabigatran, a kan masu bawul na ƙarfe, aka tsayar da binciken saboda shanyewar jiki da zubar jini sun ƙaru, an wallafa a 2013. Wafarin ɗin nan dai shi ne.

Shi kuma wafarin ba ya shiri da abubuwa da yawa na gidajenmu. Filajil da Septrin suna haura INR sama. Maganin tarin fuka, rifamfisin, yana kashe masa ƙarfi. Ibuprofen da diclofenac, a'a. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe, a'a, don ba mu san me ke ciki ba. Ƙaho da tsaga, haram a gare ta. Ganye kuma, zogale, alayyahu, rama, ba a hana ta ba, sai dai ta riƙa ci daidai gwargwado. Matsalar ita ce wata guda ba ta ci ba, sai damina ta faɗi ta shiga kwaɗon zogale safe da yamma, lambar ta faɗi ƙasa ba wanda ya sani.

Sai abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba, amma gara ku san su, don in sun zo da kamar wani ciwo suke zuwa. Bayan mako biyu zuwa shida da aiki, wani sai zazzaɓi ya taso da ciwon ƙirji mai tsananta in ya kwanta ko ya ja numfashi, ya lafa in ya zauna ya sunkuya gaba. Kumburin jakar zuciya ne, wani lokaci har ruwa ya taru ya matse ta. Mu nan sai a ce maleriya ce ko taifod, a yi ta ƙarin ruwa. A'a, eko za a yi ranar. Wani kuma ɗinkin gefen bawul ne zai ɗan saki, jini na fita ta ƙaramar kafa da ƙarfi yana farfashewa. Sai ka ga ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, jini na ta ƙarewa ana ta ƙari. Kowa zai ce shawara ce a kawo magani na gargajiya. Ba shawara ba ce. Akwai ma wata ƙwayar cuta, 'yar uwar ta tarin fuka, da aka gano a Suwizalan tana fitowa daga ruwan na'urar ɗumama jini a ɗakin tiyata, ba ta nuna kanta sai bayan watanni ko shekaru, da rama da gumin dare. Wannan kam da wuya ƙwarai, na faɗa ne don ku san duk zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikin mai bawul, a ɗebi jini a yi gwajin gano ƙwayar cuta kafin a ɗora ta kan antibayotik. Haƙori ma, ko cirewa za a yi sai an gaya wa likitan haƙorin tana da bawul. Kafin tafiya ma a kai ta a duba bakin.

In na ƙarfen aka sa, za ku riƙa jin ƙararsa, ƙyas-ƙyas-ƙyas kamar agogon hannu, musamman da dare in gida ya yi tsit. Kada ta tsorata, lafiya ke nan. Ranar da ta ce ƙarar ta canja ko ta dushe, ga haki, ba a jiran gari ya waye.

Ƙashin ƙirji kuma da waya ake ɗaure shi, yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama. Ba daka, ba ɗaukar bokiti, ba goyo. In za ta yi tari ta rungume filo.

Abin da nake so ku yi kafin ku biya ko sisi: malam ango ka je ka gano wane ɗakin gwaji ne kusa da ku ke yin INR, nawa ne, kuma sakamakon yana fita a ranar ko sai an aika wani gari. Ka tambayi likitan zuciyarta ko zai ci gaba da ganinta in kun dawo. Sannan Yaya ki ɗauko min hoton shafi na biyu na takardar, wanda ke da girman zuciyar da sakamakon ECG, gwajin bugun zuciya, wancan ya yanke ban ga ƙasansa ba. Zan kira ki bayan isha'i in na fito daga aiki. A gaida min mai jiki.