"Malam juji ne": amsa ga ɗan'uwan da ya rasa mahaifi

Wani ɗan'uwa ya turo min saƙo daga Funtua, mahaifinsu ya rasu watan jiya yana da shekara 90 da ɗoriya, ya bar matarsa ɗaya da suka haura shekara 60 tare, ga 'ya'ya ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Ya ce a wajen zaman makoki wani tsoho abokin baban nasu ya ce "ai Malam juji ne", maganar ta tsaya masa a rai, yabo ne ko zagi? Ya kuma tambayi bambancin rasuwa da mutuwa, da yadda ake rubuta addu'ar nan ta "Allah ya jikansa".

Da farko ina yi maka ta'aziyya ɗan'uwa, Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Toh wallahi wannan tsoho ya yabi mahaifinka yabon da ba kowa ke samu ba. Karin magana ya gutsuro maka, cikakkiyarta ita ce "babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa". Juji shi ne abin da wasu ke kira bola, inda unguwa ke zubar da shara. Kai dai ka tuna gidanku. Ɗa ya yi rigima a waje wajen Baba ake kawo ƙara, 'ya ta yi yaji gidan Baba za ta dawo, ɗan ƙane ya ci bashi ya kasa biya Baba ne zai je ba da haƙuri, ita ma Hajiya in ranta ya ɓaci a kansa za ta sauke, shi kuma ya shanye duka bai mayar wa kowa ba, sau da yawa ma ku yara ba ku san an yi ba. Juji ba ya mayar da shara. Kuma manomi ya san wani abu da ɗan birni ya manta, in rani ya yi daga jujin nan ake ɗiban taki a kai gona a kan jakai ko a amalanke, wato abin da aka zuba masa na ƙazanta shi ne yake mayarwa abin amfani. Ni a ganina nan ne zurfin maganar yake. Wanda ya zauna da mutum tun suna samari ne kawai zai iya faɗin haka a kansa, don ya ga irin sharar da aka zuba.

Irin wannan mutum shi ake kira dattijo, kuma furfura kaɗai ba ta ba da wannan suna. Kalmar daga Fulatanci muka aro ta, shi ya sa ban da dattawa da dattijai za ka ji ana cewa dattiɓai. Akwai tsoho mai shekaru da yawa da ba wanda zai ce yana da dattako, akwai mai shekara 40 da ake kawo wa sulhu.

Sai batun rasuwa da mutuwa. Mutu kalma ce ta kowa da komai, akuya ta mutu, fitila ta mutu, kasuwa ta mutu, aure ma yana mutuwa. Rasu kuwa ta ɗan Adam ce kaɗai, daga rasa ta fito, wato mu ne muka rasa shi. Shi ya sa in ka ce "babana ya mutu" ba ka yi kuskuren nahawu ba amma kunnen Bahaushe zai ji ta da kaushi. Muna da wasu masu taushi, ya cika, ya kwanta dama (saboda a gefen dama ake kwantar da mamaci yana fuskantar alƙibla), ya riga mu gidan gaskiya. Daga wannan rigayar aka sami marigayi, mace marigayiya, jam'i marigaya, ma'ana wanda ya riga mu tafiya kuma muna tafe a baya.

Addu'ar kuma, nan kam kullum ina ganin kuskure a Facebook kuma yana damuna. Kalma uku muke da su masu kama da juna. Jika shi ne ɗan ɗanka. Jiƙa shi ne sa abu a ruwa, kamar a jiƙa gero. Ita kuwa ta addu'a kalma biyu ce, ji da ƙai, ƙai shi ne tausayi, daga nan jinƙai ya fito. Don haka daidai shi ne "Allah ya ji ƙansa", mace "Allah ya ji ƙanta". In wayarka ba ta da ƙ mai lanƙwasa, aƙalla ka raba su ka rubuta "ji kansa" duk da shi ma yana iya zama kai na jiki, gara dai ka sauke kibod ɗin Hausa, ba wuya.

A ƙarshen saƙon ya ce abin da ya fi ba shi mamaki, tun da ya yi wayo bai taɓa jin mahaifiyarsu ta ambaci sunan baban nasu ba, ko yanzu da take takaba sai dai ta ce "Malam" ko "shi". Wannan ita ce alkunya, matan da ba sa faɗin sunan miji, kamar yadda iyaye ba sa faɗin sunan ɗan fari, sai dai Malam ko Alhaji ko maigida, in ma wani yaro ya ci sunan sai a sa masa laƙabi. Kada ka ɗauka nisa ne tsakaninsu. Wata 4 da kwana 10 za ta yi kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234, kuma yawanci bayan sadakar bakwai ƙafa take ɗaukewa gida ya yi tsit, to lokacin ne ta fi bukatarku. Ku riƙa zama da ita da yamma, ka tambaye ta yadda aka yi aurensu da inda suka fara zama, za ka ji labarin Malam da ba a faɗa a zauren makoki ba.

Allah ya ji ƙansa, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci bayansa.